Yaya Asabe da Awakin Kwangila

Ku samarin nan da kuke zama a bakin shagon cajin waya kuna cewa kwangilar awaki cin banza ce, wai mutum ya sayo akuya a kara, kasuwar dabbobi, ya miƙa wa masu tallafi, ya dawo gida a kan sabon babur, kallon kitse kuke yi wa rogo. Ku gyara zama. Ni ne Haruna Dillali, haifaffen Gumel. In kun shiga karar Maigatari ranar Alhamis kuka tambaya, ko jakin masu ruwa zai nuna muku gindin bishiyar da nake tsugunawa.

Akuyar farko da na saya da bakina ja ce, jawur kamar garwashi. Lokacin ina yaron Alhaji Barau, Allah ya jiƙansa, na yi shekaru ba ni da aiki sai riƙe igiya da share turke. Ran nan ya tafi sallar azahar ya bar ni, sai ga wani mutum daga wajen Damagaram yana jan ta. Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama. Na ɗaure ta ina jiran yabo. Alhaji ya dawo, ya dube ta, ya dube ni. Ya jiƙa tafin hannunsa da ruwan buta, ya goga mata a wuya, ya nuna mini. Hannun ya yi ja, wuyan ya yi fari.

"Haruna," in ji shi, "galura ka sayo. Akuyar gyara aka ba ka."

A wurinsa na koyi cewa kayan aikin dillalin awaki ba su cika aljihu ba. Akwai igiya, wadda kai za ka tufka da hannunka don ka san inda za ta tsinke. Akwai babban yatsa. Da shi ake ɗage leɓen akuya, don ba ta da takardar haihuwa sai bakinta. In haƙoran girma biyu ne suka fito, ba ta daɗe da cika shekara ba. In huɗu ne, ta fara manyanta. In sun zube, kaka ce, ka gaishe ta ka wuce. Da yatsan nan kuma ake danna gadon baya a ji tsoka, a shafa hantsa a san ko ta taɓa shayarwa. Sai hanci: akuya mai zawo ko mura, kafin ka gan ta ka ji ta. Sauran aikin duk baki ne, shi kuwa ba a koyar da shi, zama ake yi kusa da mai shi har ya shafe ka.

Masu sayenmu a da mahauta ne, da masu suna, da fataken da ke loda manyan motoci su yi kudu. Daga baya masu farar mota suka fara zuwa. Wata ƙungiya ce mai samun kuɗi daga ƙasashen waje, tana raba wa mata marasa ƙarfi awakin kiwo a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar. Aiki da su a lokacin ba wuya. Jami'insu zai sauko a kara, ya ce dokarsu ita ce ya ji farashi daga bakin dillalai uku. To mu ukun kuwa a tabarma ɗaya muke, da ƙwaryar fura ɗaya a tsakiya. Ya tambayi na dama, ya tambayi na tsakiya, ya tambayi na hagu, ya rubuta. Wanda ya fi sauƙi ya samu, mu biyun mu taya shi tara awakin. A ba jami'i goro, a yi addu'a, a loda. Ban taɓa ganin an kai wa mace akuya mara lafiya a wancan zamanin ba, don in ka kai, za ta same ka a kasuwa gaban jama'a.

Wani rani sai aka kira mu taro a wani zaure nan Gumel, duk masu yin kwangila da ƙungiyar: mu masu awaki, da masu haƙa rijiya, da masu kawo iri. Sabon jami'in saye-sayensu, Malam Nasiru, matashi mai ladabi, ya miƙe ya ce, "Iyayena, masu aiko da kuɗin nan sun sauya dokar ba da kwangila. Ba ni na sauya ba, ni ma aiko mini aka yi."

Ya fara jerowa. Daga yau ba a ba mutum kwangila, sai kamfani mai rajista da hatimi. Ba a faɗin farashi da baki, sai a tura ta intanet, a kulle, a buɗe na kowa rana ɗaya. Ba a ba ma'aikaci kyauta.

Alhaji Tanko, abokin zamana a tabarmar nan ta kara, dama ya riga ya ajiye ƙullin goro a kan tebur. Malam Nasiru ya sa bayan biro ya turo masa abinsa.

"Ko goro?" in ji Alhaji Tanko.

"Ko ɓarin goro, Alhaji."

"To gaisuwa fa?"

"Gaisuwa ta halatta, amma kada ta yi tsawo."

Sai ya ce duk wanda yake da dangantaka da wani ma'aikacin ƙungiya dole ya bayyana. Can wani dattijo mai haƙa rijiya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam Nasiru, kakarka ta wajen uwa ba 'yar Gagarawa Tasha ba ce? To ai duk nan danginka ne, sai kowa ya ɗauki takalminsa."

Da aka gama dariya ya ci gaba. Kamfanin da ke da mace a cikin shugabanninsa za a ƙara masa maki. Mu masu awaki kuma an rubuto irin akuyar da ake so: ja, mai haƙoran girma biyu, wadda ba ta taɓa haihuwa ba. A sa mata ɗan kunne mai lamba, a killace ta, kada ta cuɗanya da wata dabba har likitan dabbobi ya zo ya duba. Akwai doka ta ƙarshe da ya faɗa, amma ban ji ta sosai ba, don daidai lokacin aka shigo da shinkafa.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Na tafi wurin Injiniya Sale, wani magidanci mai shagon kwamfuta a bakin tasha, ya yi mini rajistar kamfani. Da muka zo maganar mace, tunanina bai je ko'ina ba sai kan Yaya Asabe. Ita ce babba a ɗakinmu, ita ta goye ni. Mijinta ya rasu da daɗewa, tana zaune jikin gidana tana soya ƙuli-ƙuli, tana kiwon awakinta a bayan ɗaki. Na same ta tana matsar mai, na tsuguna na yi mata bayani.

"Me za a kira ni?" ta tambaya.

"Darakta, Yaya."

"Mene ne shi?"

"Shugaba ke nan. Wadda in ta yi magana kowa zai bi."

Ta goge hannu a gefen zane ta ce, "To ai dama. Kawo in dangwala."

Ranar tura farashi na ga abin da ban taɓa gani ba a ciniki. Ba wanda za ka kalli idonsa, ba wanda zai ce albarka. Injiniya Sale ya danna, wani abu ya yi ta juyawa a fuskar kwamfuta kamar akuya a turke, wuta ta ɗauke, aka tayar da janareta, ya sake dannawa. Da ƙyar ya ce ya shiga. Na ce ya shiga ina? Ya ce shi ma bai sani ba, amma dai ya shiga.

Da bazara saƙo ya zo. Injiniya ya karanta ya fassara mini: ƙungiya tana da niyyar ba kamfaninmu kwangilar awaki ɗari da ashirin. Na ce alhamdu lillahi. Ya ce, "Malam Haruna, niyya fa suka ce." Na ce to me ya rage? A wurinmu in an yi niyya ai sai kabbara.

Ga abin da ya sa na yi sauri, kuma duk dillalin da ya san aikinsa haka zai yi. Ƙarshen rani ne lokacin sayen akuya. Daji ya bushe, harawa ta ƙare, makiyayi yana neman ragewa don ya ciyar da saura. Da zarar ruwa ya sauka ciyawa ta fito, ba mai sayar maka da ja mai haƙori biyu sai da tsada. Na sayar da shanun huɗata guda biyu, na haɗa da jarina, na shiga kasuwanni. Maigatari, Gagarawa, Sule Tankarkar, duk akuyar da na saya sai da na buɗe bakinta, na shafa hantsarta, na kuma jiƙa hannu na goga wuyanta. Ban taɓa tara garke mai kyau irin wannan ba. Na kewaye gonata ta hanyar Gagarawa da ƙaya da zana, na zuba su, muka sa musu 'yan kunne kamar amare. Sannan na hau adaidaita na tafi ofishin ƙungiya, na yi gajeriyar gaisuwa kamar yadda doka ta ce, na tambayi Malam Nasiru ranar da likita zai zo.

Ya dafe kai. "Baba, wa ya ce ka saya?"

Ashe dokar da shinkafa ta hana ni ji ke nan. Bayan an zaɓi wanda ya ci, ba a sa hannu nan take. Sai an dakata, an ba waɗanda suka faɗi dama su kai ƙorafi. In ba wanda ya kai, shi ke nan. In an kai kuwa, komai ya tsaya cik sai an gama bincike.

"To an kai ne?" na tambaya.

Ya ce an kai. Alhaji Tanko ne. Ƙorafinsa shi ne wai daraktar kamfanina suna ce kawai, tsohuwa ce mai ƙuli-ƙuli da ba ta san abin da ake ciki ba, an sa ta ne don a ci maki. Malam Nasiru ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, ya tura Dutse, Dutse za ta tura Abuja, Abuja kuma sai ta ji daga masu kuɗin.

Na dawo gida na gaya wa Yaya Asabe. Kuskurena shi ne na faɗa mata yadda aka faɗa mini, ban rage komai ba. Ta ajiye matsami.

"Tanko ne ya ce ni suna ce kawai? Tankon da na sani yana yawo ba wando? Haruna, ina hatimin nan?"

Na miƙa mata. Ta ƙulle shi a bakin zane. Washegari da sassafe ta sa aka kai mata tabarma da buta da kaskon suyarta gona, aka yi mata rumfa a ƙofar shingen awaki. Ta ce daga yau nan ne ofis.

Ruwa ya sauka. Kowa ya fita shuka, ni gonata cike da awaki, shanun huɗa kuma suna gidan wani. Ciyawa ta fito kore shar a bayan shinge, awaki suna kallonta suna kuka, amma ba damar sakinsu, don doka ta ce a killace. Ku da kuke cewa cin banza, kun taɓa ciyar da baki ɗari da ashirin da ba sa azumi? Harawar da na tanada ta tafi kamar an sa mata wuta. Na ɗauki masu yankan ciyawa. Na bi gidajen masu surfe ina sayen dusa, har matan unguwa suka daina ce mini Dillali suka koma Mai Dusa. Da dusa ta yi wuya na buɗe rumbun gidana. Uwargidana ta tsaya tana kallon ana fitar da damin gero, ta ce, "Malam, in an gama da su, mu ma a sa mana 'yan kunnen, ko ma samu."

Rabin kwanakina a hanya suke. Yau ina Gagarawa neman dusa, gobe ina Dutse ina tambayar inda ƙorafi ya kwana. Kullum amsa ɗaya: ana dubawa. Gona kuwa na bar ta hannun darakta, hankalina kwance, don Yaya Asabe ta fi ni sanin kiwo.

Wata rana da la'asar na sauko daga motar Gagarawa da buhunan dusa, tun ban kai shinge ba hancina ya gaya mini abin da ban so ji ba. Warin nan ba ya ɓuya. Na saki buhu na ruga. Bunsuru uku na tarar a tsakiyar garken, manya, masu gemu, kowanne yana tafiya kamar shi ya ci kwangilar. Ɗaya na Yaya ne, na san shi. Biyun na wani Arɗo ne da ke zaune a bayan gonar.

"Yaya! Shinge ya ɓalle!"

Tana juya ƙuli-ƙuli ba ta ko ɗago ba. "Bai ɓalle ba. Ni na buɗe."

"Ke kika buɗe?"

"Tun farkon damina nake buɗewa, in ka tafi yawon Dutsenka. Haruna, ina ka taɓa ganin an tara mata ɗari da ashirin suna cin geron mutane, ba aiki ba haihuwa? Akuya ba ta zaman jiran takarda. Asarar ta yi yawa."

Na ce, "Yaya, doka ta ce wadda ba ta taɓa haihuwa ba!"

"To sun haihu ne?"

"Doka ta ce kada su cuɗanya da wata dabba!"

"Bunsuru ai ba wata dabba ba ce. Ɗan'uwansu ne." Ta tsamo ƙuli-ƙuli ta ɗora a faranti. "Kai ka ce in na yi magana kowa zai bi. Ko dai gaskiyar Tanko ce, suna ce kawai?"

Na kori bunsurayen, na bi awakin ɗaya bayan ɗaya ina shafa ciki. Yatsan da Alhaji Barau ya horar bai taɓa yi mini ƙarya ba, ran nan kuwa na so ya yi. Mafi yawansu sun ɗauka. Daga ranar addu'ata ta koma ɗaya: Allah ya sa a gama binciken nan kafin ciki ya fito.

Binciken ya zo, amma ta waya. Malam Nasiru ya aiko a kawo darakta shagon Injiniya Sale, wata baturiya daga wurin masu kuɗin za ta yi mata tambayoyi, ga tafinta a gefe, ana ganin juna a fuskar kwamfuta. Yaya ta sha sabon mayafi, ta zauna, ta kwance hatimi ta ajiye a gabanta. Aka tambaye ta awaki nawa ne, ta faɗa. Me suke ci, ta faɗa, har da wadda ba ta son dusar dawa. Sai baturiyar ta ce, wace shawara ta taɓa yankewa ita kaɗai, ba tare da ƙanenta ba?

Ina tsaye a bayan kwamfuta ina girgiza mata kai kamar ƙadangare. Ta dube ni, ta dubi baturiya.

"Na kori mai yankan ciyawa ɗaya, rago ne. Na hana Haruna taɓa hatimi. Babbar kuwa, za ku gani da idonku in Allah ya kai mu kaka."

Baturiyar ta yi murmushi ta ce ta gamsu ƙwarai. Na ce to, an gama. Ashe gamsuwarta ma sai an rubuta, an tura Abuja, Abuja ta tura Dutse. Gero ya yi kai a gonakin mutane, aka yanke, aka ɗaure. Awakina suka yi nauyi, suna tafiya kamar masu ɗauke da tulu. Wasu kuma, da na ɗage leɓensu, sai na ga haƙora huɗu suna yi mini dariya. Sun girme wa kwangilar a tsaye.

Ta farko ta haihu ranar wata Juma'a, tagwaye. Daga nan abin ya zama kamar an buɗe famfo.

Ana cikin haka Malam Nasiru ya kira ni da murna: an kori ƙorafin Alhaji Tanko, an tabbatar Hajiya Asabe darakta ce ta gaske, ga shi nan tafe da likita. Farar mota ta tsaya a bakin gona da hantsi. Tun kafin su fito suka ji kukan. Ba kukan manya ba, wannan siririn na jarirai, ta ko'ina. Malam Nasiru ya leƙa ta saman zana. 'Yan awaki suna tsalle a kan juna, wasu sun hau buhun dusa, ɗaya yana cin igiyar takalmin likita.

Likitan mutum ne mai bin aikinsa daki-daki. Ya kama ta kusa da shi, ya karanta lambar kunnenta, ya duba takardarsa, ya tambaye ni, "Wannan ta taɓa haihuwa?"

'Ya'ya biyu suna ƙarƙashinta suna tsotso, suna kaɗa wutsiya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, lokacin da na saye ta dai ba ta taɓa ba."

Malam Nasiru ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Ya yi dariya har ya zauna a kan turmin Yaya yana share hawaye. Da ya natsu ya ce, "Baba, wallahi ban taɓa ganin awaki masu lafiya irin waɗannan ba. Amma ba zan iya sa hannu ba."

Yaya ta fito daga rumfa. "Ɗan nan, me ya hana? Akuya ɗaya kuka ce za ku ba kowace mace. Ga uwa ga 'ya'ya, ga nono. Ba mu ce ku ƙara ko sisi ba. Ku kwashe duka."

"Inna, abin da ya hana ke nan. An ce wa kowa ya kawo farashin wadda ba ta haihu ba. In na karɓi mai 'ya'ya, na sauya kwangila bayan an rufe, waɗanda suka faɗi za su ce da sun sani da su ma haka za su kawo. 'Ya'yan kuma in kyauta ne, ba a karɓar kyauta."

"Ba kai aka ba ba, matan ƙauye aka ba."

"Na sani, Inna. Akwai hanya ɗaya: in rubuta a nemi izinin gyara. Zai je Dutse, ya je Abuja, ya haye ruwa, sannan a sake ba masu ƙorafi dama."

Na ce, "Kada ka rubuta! Kafin ya dawo sun yi jikoki."

Abin da ya iya yi mana, ya yi, Allah ya saka masa. Ya ba ni lokaci in kawo wasu awakin da suka dace da takarda, a sake killace su, likita ya duba. Sharaɗinsa ɗaya: bunsurayen nan su bar ƙaramar hukumar. Na ɗauki na Yaya da kaina na kai shi gidan surukinta a Sule Tankarkar, tana bina da faɗa har bakin mota.

Sayar da garke irin wannan ma aiki ne. In ka zuba su kasuwa ɗaya rana ɗaya, kai da kanka ka karya farashinka. Sai na rarraba, kaɗan Maigatari, kaɗan Gagarawa, kaɗan nan Gumel, uwa da ɗanta a igiya ɗaya. Ina sayarwa ina sayen 'yan mata jajaye, a tsadar kaka, lokacin da makiyayi ya ƙoshi ba ya sauraron tayi. Na cika ɗari da ashirin da ƙyar. Da aka biya ni, abin da ya dawo hannuna jarina ne, ya rame. Shanun huɗa ba su dawo ba. Rumbu ya kai mu tsakiyar rani ya ce ga garinku nan. Yaya kuwa ta ware 'yan awakin da suka isa yaye, masu kyan ciki, ta kora bayan ɗakinta. Na ce na wane ne? Ta ce albashin darakta.

Ranar rabo na bi mota har wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar. Mata sun yi layi a gindin tsamiya, ana kiran suna ana miƙa igiya. Wata tsohuwa ta karɓi tata, ta tsuguna ta shafa hantsar, ta ɗago ta dubi Malam Nasiru.

"Ɗana, ina masu 'ya'yan? Mun ji labari an tara mana masu 'ya'ya a Gumel."

Ya ce doka ce ta hana.

"Dokar wa?"

Ya nuna sama, wajen gabas.

"To ka gaya wa mai dokar, wannan sai na ciyar da ita wata da watanni kafin jikana ya ga nono. In shi ne aka ba zaɓi, wacce zai ɗauka?"

Matan suka ɗauka gaba ɗaya, kowa na faɗin tata. Malam Nasiru bai yi musu ba, ya zauna a kan saiwar tsamiya ya rubuta duk abin da suka ce, ya tura. Wannan karon saƙon bai yi nauyin ƙafa ba. Da shekara ta zagayo aka sake kiran mu zaure, aka ce masu kuɗin sun saurari jama'a, an gyara doka. Yanzu akuya mai ciki ake so.

Mun nema, ba mu samu ba. Yaya ce ta yanke farashi, ta ce ba za ta sayar da wahalar bunsurunta da arha ba. Alhaji Tanko ya karya kuɗi ya ci. Shi ma aka aiko masa da niyya. Ya san abin da ya same ni sarai, amma ya ga bazara tana wucewa, ya lissafa cewa ni ba zan kai ƙorafi ba, kuma gaskiyarsa, ban kai ba. Ya shiga kasuwa ya tara masu ciki, garke guda. Bai san da wani ɗan kwangila daga Kano da shi ma ya nema ya faɗi ba. Shi ya kai ƙorafin.

Bayan 'yan watanni ina zaune a ƙofar gida da yamma ina tufkar igiya, sai ga Alhaji Tanko. Rabon da mu zauna tabarma ɗaya tun ranar shinkafar nan. Ya rame, ga dusa a gefen rigarsa. Ya yi sallama, na amsa, na matsa masa. Muka gaisa, doguwar gaisuwa irin ta da, har da tambayar awaki. Ya ciro carbi yana wasa da shi. Can ya matso, ya rage murya.

"Malam Haruna, kai ka riga ni shiga wannan ruwan. Don Allah, akwai abin da ake ba akuya ta ɗan dakata?"

Na ce, "Akwai, Alhaji. Ka tara su ka karanta musu dokar."

Bai yi dariya ba. Na ce ya kawo rabinsu gonata, shingen yana nan, na kuma gaya masa gidajen da dusarsu ba ta da ƙasa. Yana godiya ke nan sai muryar Yaya Asabe ta fito ta saman katanga, ashe duk tana ji.

"Haruna! Wane ne, Tanko ne? Ka ce masa tsohuwa mai ƙuli-ƙuli tana gaishe shi. In sun haihu, ina sayen 'ya'yan."